Sunan da Bai Shiga Akwatin Bubakar Ba

Rumfar ɗinkina tana jingine da shagon Malam Bubakar, a layin da ke fita zuwa kasuwar dabbobi ta Dakoro. Kwano ɗaya ne ya raba mu. Shi yana jin ƙarar kekena, ni ina jin ƙaurin dalmarsa idan yana liƙa waya. Mutum ne siriri, ya haura arba'in, ba shi da yawan magana sai in an taɓo aikinsa. Tabaransa ƙafa ɗaya gare shi, ɗaya gefen da zaren da ya roƙa a wurina ya ɗaure.

A Birnin Lalle aka haife shi, gidan masu noman gero da gyaɗa. Ya yi lakwal, wato makarantar boko, har kwaleji, ya faɗi jarrabawar fita sau biyu, mahaifinsa ya ce karatu ya isa haka, ga hauya. Damina ɗaya ya yi a gona, sai ya tafi Maraɗi wurin wani mai gyaran rediyo, ya shekara tara yana kallon hannun maigidansa har nasa hannun ya faɗa. Daga rediyo ya koma wayar hannu, da pano na hasken rana suka cika gari ya koma kansu. Bayan ya auri Habi ya dawo Dakoro, domin a cewarsa masu gyara a Maraɗi sun fi abin gyara yawa.

Wata shekara aka yi horo na mako uku a Maraɗi kan wasu ƙananan alluna masu ƙwaƙwalwa, waɗanda ake rubuta wa umarni a ordinata, wato kwamfuta, a zuba musu ta waya. Bubakar ya je, shi ne babban kowa a ajin. Ya dawo da tsohuwar ordinata da alluna uku da littafi cike da rubutun hannunsa. Tun daga nan, duk lokacin da babu mai kawo gyara, sai ka gan shi ya duƙa yana rubutu da yatsa biyu. Ranar da ya fara sa ƴar fitila ta kunna kanta ta kashe kanta, sai da ya fito da ni daga rumfa in gani, kamar an yi masa haihuwa.

A kan hanyar Korahane akwai wata mashaya ta makiyaya da ake kira Bundu Ango. Rijiya ce mai zurfi, pompo na jan ruwanta da hasken rana yana zubawa a tanki, daga tanki zuwa kwamin da dabbobi ke sha. Abu biyu ke damun mutanen wurin. Na ɗaya, da bazara ruwan ƙasa yana ja baya. In pompo ya daɗe yana ja sai ya fara shan iska, dole a kashe shi a bar ruwa ya taru, in ba haka ba injinsa ya ƙone. Na biyu, faɗa a kan garken wa ke gaba.

Mai riƙe da makullin wurin wani dattijo ne, Ɗangoggo. Shanunsa sun ƙare a wani fari shekarun baya, makiyaya suka ba shi makullin domin kowa ya yarda da shi. Da kunne yake aikin. Yakan kara kunnensa a jikin bututu, in ya ji ruwa ya fara tari sai ya kashe pompo. Ya koyi rubutun boko a ajin manya bayan gemunsa ya yi fari, kuma babu abin da yake ji da shi kamar wannan.

Bubakar ya haɗa musu wani akwati. Waya ɗaya ta sauka cikin rijiya tana jin ruwa, in ruwa ya ja baya akwatin ya yanke wa pompo wuta da kansa. A fuskarsa akwai ɗan gilashi da ke nuna sunan mai garken da layi ya zo kansa. A ciki ya sa pis, ɗan katin layi irin na wayar hannu, saboda haka Ɗangoggo zai rubuta suna a wayarsa ya aika, sunan ya fito kowa ya gani.

Ranar da aka kafa shi Ɗangoggo ya zagaya shi sau biyu.

"Bubakar, wanga ɗan akwati shina da kunne?"

"Shina da wanda ya fi naka, Baba."

"To Allah shi sa ba shi da barci irin na mai shi."

Aka yi dariya. Bubakar ya ce masa, "Baba, kunnenka ya yi aikinsa, shi huta. In ka tafi salla ka tafi hankali kwance. Akwati zai kashe pompo da kansa."

Wata biyar akwatin yana aiki ba matsala. Har mutanen wasu mashaya suka fara zuwa shagon suna tambaya.

A tsakiyar bazara pompon ya ƙone. Aka kira Bubakar da rana tsaka, ya hau moto ya tafi. Ya tarar da jama'a sun kewaye tanki, shanu na kuka, ƙauri bai gama tashi daga bakin rijiya ba. Ardo Samba, shugaban komitin mashayar, ya ce Ɗangoggo ya maimaita abin da ya faɗa. Ɗangoggo ya ce ya aika sunan mai layi, ya tafi ya yi azahar, ya ɗan zauna a inuwa, da ya dawo ya iske bututu ya yi zafi, akwati bai kashe komai ba.

Bubakar ya kashe akwatin ya kunna. Ya jawo wayar jin ruwa ya tsoma a bokiti ya fitar, akwatin ya yanke wuta nan take. Ya sake, ya yanke. Sau uku a gaban kowa.

"Akwati lafiyarsa lau," in ji shi.

Ardo Samba ya ce, "To mi ya faru?"

"Ban sani ba, Ardo. Sai dai ko an murɗa makunnin hannu an manta."

Akwai wani makunni a gefe wanda in an murɗa shi pompo ke aiki ba ruwansa da akwati. Duk ido ya koma kan Ɗangoggo.

"Ban taɓa shi ba, Bubakar," in ji tsohon. Ya faɗa sau biyu, amma hayaniya ta riga ta tashi.

Kwana goma sha biyu Bundu Ango ba ruwa. Garkuna suka riƙa tafiyar yini zuwa wata rijiyar guga, a wannan zafi. Maruƙa da yawa ba su kai ba. Aka karɓe makulli daga hannun Ɗangoggo. Da aka kawo sabon pompo, da nasa akwatin na kamfani ya zo, aka maido wa Bubakar nasa a cikin buhu.

Kafin mako biyu labarin ya cika kasuwar Dakoro, kuma ya samu ƙari. Aka ce tsohon barci ya yi har da minshari. Aka sa masa suna Ƙona-Pompo. Ni ma na faɗa. Ranar da wani tela ɗan'uwana ya bar dutsen guga a kan rigar mutane har ta huje, ni na fara ce masa, "Sannu Ɗangoggo," rumfa duka ta ɗauki dariya, na ji daɗi da maganata ta yi armashi. Ban taɓa ko gaisawa da tsohon ba a lokacin.

Bubakar kuwa ya canza. Ya lulluɓe ordinatarsa da tsumma. Masu son akwati irin na Bundu Ango in sun zo sai ya ce kayan sun ƙare. Na ɗauka haushin an maido masa da aikinsa ne yake ji, ban tambaye shi ba.

Sai bayan kaka, wata bakwai da ƙonewar pompon, wata rana bayan la'asar ya shigo rumfata da akwatin a hammata da kofin ruwa a hannu.

"Tela, ka iya riƙe magana?"

"In ba ta yi nauyi ba, Malam."

"Ta yi. Matsar da almakashin nan."

Ya ajiye akwatin a teburina, ya haɗa masa batir, ya sa ƴar fitila a inda pompo ke shiga. Ya tsoma wayar jin ruwa a kofi, fitila ta kama. Ya aika suna daga wayarsa, Samba, sunan ya fito a gilashi. Ya zare waya daga kofi, fitila ta mutu. Ya mayar, ta kama.

"Yanzu duba wanga," in ji shi. Ya nuna mini wani saƙo: Mahamadu dan Zakiru na Korahane. Ya aika. Gilashin ya tsaya cik. Ya zare waya daga ruwa, ya ɗaga ta sama har tana ɗiga a kan teburina. Fitila tana nan a kunne.

"Mi ya same shi?"

"Ya ɓata hanyar komawa."

Ya buɗe akwatin ya nuna mini wani ɗan baƙin abu da bai kai farcen babban yatsa ba. Ya ce sunansa prosesa, shi ne mai aikin duka, kuma ba shi da wayo ko kaɗan. Abu ɗaya ya iya: ya ɗauki umarni, ya aikata, ya ɗauki na gaba. Wurin ajiyarsa kamar rumfunan kasuwa ne a jere, kowace da lambarta, kuma kowace rumfa harafi ɗaya take ɗauka ko ƙaramar lamba. Umarnin ma suna da nasu layin rumfunan da nasu lambobin.

"Bai san suna ba, bai san ruwa ba," in ji shi. "Lamba ya sani. Ka ce mishi rumfa ta ɗari uku, can za shi, ko da rami ne a wurin."

Ya ce babban aikin da ya rubuta masa zagaye ne: duba ruwa, duba saƙo, rubuta a gilashi, koma duba ruwa. Amma karanta saƙo aiki ne mai zaman kansa, a wani layin aka rubuta shi, sai an kira shi ake zuwa.

"Kana tsakiyar ɗinkin wuya, in leƙo in ce zo ka riƙe mini waya. Mi kake yi?"

"Sai in soke allura inda na tsaya."

"Yauwa. Shi ba shi da allura. Sai shi rubuta lambar inda ya tsaya, shi ɗora kan tari."

Ya jawo kayan mutane da na ninke a gefen teburi. Ya ajiye zane ɗaya, ya ce wannan lambar komawa ce. In yana cikin wancan aikin aka sake kiransa wani, sai ya ɗora wata lambar a kai. Ya ɗora riga. Wadda ya ɗora ƙarshe ita yake fara ɗauka, ba ya zaro ta tsakiya, kuma yana da yatsa guda wanda kullum ke nuna masa saman tarin. Da haka ko an kira shi sau goma a jere, yana komawa baya ɗaya bayan ɗaya har inda ya faro.

"To ina matsalar?"

"Ga ta. Kowane aiki in shina son wurin ajiye kayansa na ɗan lokaci, kan tarin nan yake ɗiba, dab da lambar komawa. Ni na ce a ɗebar wa suna rumfa goma sha shida. Na zauna na lissafa sunayen da na sani, na ga babu wanda ya wuce. Sai na ce mishi kwafe suna har ƙarshe. Ban ce mishi shi tsaya in rumfuna sun cika ba."

Ya sa na ƙirga haruffan saƙon har da guraben tsakani. Talatin da ɗaya.

"Suna ya cika goma sha shida ya zarce. Ya taka abin da ke kusa, ya taka lambar komawa. Da ya gama aiki ya miƙa hannu kan tari kamar kullum, ya ɗauki abin da ya iske. Haruffan sunan Mahamadu ne, amma shi lamba ya gani. Ya tafi inda suka nuna, can ya yi ta yawo, bai ƙara komowa duba ruwa ba. Pompo kuwa a kunne ya baro shi."

Ya ce akwai ma wani mai gadi a cikin prosesa, wanda in ya ji shiru ya yi yawa yake tada shi daga farko. Ya kashe shi lokacin gwaji domin yana katse masa aiki, ya manta bai mayar ba.

Na tambaye shi me ya sa tsohon ya rubuta suna mai tsawo haka. Ya ce ya bincika. Mahamadu sun yi yawa a mashayar, shi ya sa Ɗangoggo ke haɗawa da sunan uba ko laƙabi, kuma duk suna shiga. A makon nan sai aka samu Mahamadu biyu, kowanne ubansa Zakiru, ɗaya daga Korahane, ɗaya daga wajen Birnin Lalle. Ana gobe abin zai faru har sanduna suka ɗaga wa juna. Tsohon ya ce ba za a sake faɗa a gabansa ba, ya zauna ya rubuta sunan cikakke.

"Amma ai ka gwada a gaban mutane ya yi aiki."

"Da na kashe na kunna, tari ya share, ya faro daga farko. Ran nan ban yi ƙarya ba, Tela. Abin da na gani na faɗa."

"Yaushe ka gane?"

Ya cire tabarau ya riƙe a hannu. "Kwana huɗu bayan an maido mini shi. Saƙon shina cikin pis."

Na shiga ninke zanen da ya warware, na ninke shi ba daidai ba, na sake.

Ya ce da farko ya yi niyyar tafiya washegari. Washegari ya ce bari hankalin mutane ya kwanta. Daga nan ya ce bari damina ta sauka, makiyaya sun watse. Kullum da dalilin da ke hana shi, kuma kowane dalili yana da kyau a ranarsa. Abin da ya tashe shi Habi ce. Ta je kasuwa ta ga matar Ɗangoggo ta kawo nono, domin shi tsohon tun bazara bai ƙara taka Dakoro ba. Wata mai saye ta ce, "Matar Ƙona-Pompo, naki nonon bai ƙone ba?" Matar ta rufe ƙwaryarta da faifai, ta ɗora a kai, ta tafi ba ta sayar ba. Habi ta dawo gida tana faɗa a kan rashin kunyar mutane, shi kuwa ya cire hannu daga tuwo ya gaya mata komai.

Ya maimaita mini maganarta har da muryarta. "Wata bakwai, Malam? Wata bakwai kana cin tuwona da wanga abu cikinka?"

Ya ce mata in ya faɗa, wa zai ƙara kawo masa gyara.

"Sai mu ci abin da ya samu. Ko ka tafi ka faɗa, ko ni in tafi. Ni kuwa ban san wani prosesa ba, cewa zan yi da hannunka ka ƙona shi."

Sannan ya dube ni. "Jibi za ni Bundu Ango. Ka raka ni. In ni kaɗai ne, na san a hanya zan juyo."

Da hantsi muka isa. Ardo Samba da dattawa shida suna zaune a gindin aduwa. Aka aika kiran Ɗangoggo, ya zo ya gaida jama'a, ya zauna can gefe a kan takalminsa. Ban taɓa ganinsa kusa ba sai ranar. Ƙaramin mutum ne, yana da wayar hannu rataye a wuya cikin jakar fata.

Bubakar bai fito da akwatin ba tukuna. Ya durƙusa ya share ƙasa da tafin hannu, ya fara tona ƙananan ramuka a jere.

Wani dattijo ya ce, "Ardo, ashe dara aka tara mu?"

"In dara ce ku bar mini shi," in ji wani, "ɗan birni ba ya ci na."

Bubakar ya tona goma sha shida, ya ja layi, ya ƙara wasu a gaba. A cikin biyu na bayan layin ya sa fararen duwatsu. Ya ce waɗannan duwatsu su ne ke gaya wa akwati inda zai koma ya duba ruwa. Ya tsinto kashin awaki cike da hannu, ya ce kowane ɗaya harafi ne. Ya fara da Samba, ramuka biyar, kowa ya ga sauran fili. Ya kwashe. Sannan ya fara sunan Mahamadu, yana faɗin harafi yana jefa ɗaya. Dattawan suka shiga taya shi ƙirga. Da ya wuce goma sha shida muryoyi suka ragu. Ya tsallake layi, ya iso kan farin dutse, ya ture shi da yatsa ya sa kashin akuya a gurbinsa.

"Af," in ji mai son dara. "Ya cinye mishi gida."

Daga nan ya fito da akwatin da fitila da kofi, ya nuna musu abin da ya nuna mini. Kowa ya zuba ido a kan fitilar da ta ƙi mutuwa.

Ardo Samba ya yi gyaran murya. "To, Bubakar, mun gani. Inji ne, inji shina kuskure. Allah ya riga ya rubuta. Mun yafe maka."

"Ba inji ba ne, Ardo. Abin da na ce mishi ya yi. Ni na tona goma sha shida, ni ban sa mishi iyaka ba. Kuma ba yau na sani ba. Tun bazara na sani, na yi shiru."

Wani ya tofar da yawu gefe. Ardo ya duƙar da kai, can ya ce maganar makulli tana da wuya, domin wanda ke riƙe da shi yanzu bai yi laifin komai ba.

"Ban tambayi makulli ba," in ji Ɗangoggo. Shi ne karo na farko da ya yi magana. Ya taso ya tsaya a kan ramukan, ya daɗe yana dubawa. "Bubakar, da na rubuta sunan a gajarce, da bai ƙone ba?"

"Da bai ƙone ba ran nan, Baba. Wata rana zai ƙone, ranar da wani dogon suna ya zo."

"To rubutun nawa, akwai kuskure ciki?"

"Ko ɗaya babu. Daidai ka rubuta."

Tsohon ya gyaɗa kai. Ya taɓa jakar wayarsa. "Tun ran nan ban ƙara rubuta komi ba. Na san ban yi barci ba, na san ban taɓa makunni ba. Sai na ce to hannuna ne, tsoho ya koyi abin yara ya ɓata wa mutane ruwa."

Bubakar ya ce, "Baba, ka yafe mini."

Ɗangoggo ya dubi dattawan ɗaya bayan ɗaya. "Nan mutum nawa ne? Bakwai, da wanga baƙo takwas. Ba nan aka ɓata mini suna ba. Kasuwar Dakoro aka ɓata shi."

Ya sa takalminsa ya tafi.

Ranar kasuwa ta gaba Bubakar ya rufe shago. Ya ɗauki ƙaramin teburi ya kafa a bakin kasuwar dabbobi, tsakanin masu igiya da mai shayi, ya jera akwati da fitila da kofi. Dillalai suka taru.

"Bubakar, mi kake saidawa?"

"Ba saidawa nake ba. Pompon Bundu Ango nake nuna muku wanda ya ƙona."

Ya yi bayanin tun daga rumfuna masu lamba har tari da lambar komawa. Wasu suka saurara, wasu suka ce su ba su zo lakwal ba. Da fitila ta ƙi mutuwa sai abin ya koma wasa. Kowa na son a aika sunansa a ga ko zai kayar da akwati. Wani mai raƙuma ya jero sunan kakanninsa har huɗu, aka yi ta shewa. Bubakar bai hana su ba. Duk sunan da ya aika, in fitila ta tsaya a kunne, sai ya ɗaga murya ya ce, "Ɗangoggo bai yi barci ba, bai taɓa makunni ba. Ni ne." Ranar ya faɗa ya fi sau talatin, har muryarsa ta dushe.

Haka ya yi kasuwa ta biyu da ta uku da ta huɗu. Sunan Ƙona-Pompo bai mutu ba, kan Bubakar ya dawo. Masu wucewa ta layinmu suna kiransa da shi, yana amsawa. Wasu da suka saba kawo masa pano suka koma wurin wani. Wani makiyayi da ya rasa maruƙa uku ya zo har ƙofar shago ya zage shi tas, Bubakar yana tsaye hannu a baya har ya gama.

A kasuwa ta biyar Ɗangoggo ya zo da awaki biyu. Ya tsaya bayan mutane, ya kalli bayanin daga farko har ƙarshe. Wani dillali ya hango shi ya ce, "Ɗangoggo! Ina ka shiga? Kawo awakin nan in gani." Da sunansa ya kira shi.

Na bi shi na gaishe shi. Na ce masa ni ma ina cikin waɗanda suka yi dariya da sunansa, ya yafe mini. Ya dube ni sama da ƙasa.

"Kai wane ne?"

"Tela ne, Baba, maƙwabcin Bubakar. Na zo Bundu Ango ran nan."

"To, Tela, ɗaga ƙafarka, ka taka mini igiya."

Bayan ya rabu da awakin ya biyo ta gaban teburin. Bubakar yana tsakiyar zare waya daga kofi, ya tsaya.

"Bubakar."

"Na'am, Baba."

"Ya isa haka nan. Kana tare wa mai shayi hanya."

Ya wuce wajen masu gishiri. Bubakar ya zubar da ruwan kofin, ya naɗe wayoyinsa, na kama masa teburin muka nufi layinmu. A hanya ya tambaye ni ko a ganina wannan yafewa ce. Na ce masa ban sani ba. Ya ce shi ma bai sani ba, kuma ba shi da bakin da zai koma ya tambaya.